Me ya hana a saka wa mutum zuciya mai batir a ɗinke ƙirji a gama?

Ɗan uwa, da farko Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ka ce kai mai gyaran waya ne, likitoci sun ce zuciyar mahaifinku ta yi rauni, kuma abin da ke ɗaure maka kai shine tunda yanzu ana cajin waya ba tare da an soka mata komai ba, ga kuma fesmeka, ƴar na'urar daidaita bugun zuciya, da ake saka wa mutum ta shekara goma a jikinsa, to me ya hana a ƙera zuciyar ƙarfe mai batir a saka a ɗinke ƙirjin gaba ɗaya, mutum ya riƙa cajinta ta saman fata? Ni fannina injiniyancin kayan asibiti ne, kuma wallahi wannan tambayar taka ita ce ake fama da ita fiye da shekara 60, dan haka zan ɗan ja da tsawo, kayi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Abin da ka kwatanta ɗin nan an taɓa yinsa. Sunanta AbioCor, wani kamfani Abiomed a jihar Masacusets ta Amurka ne ya ƙera ta, kuma ranar 2 ga Yulin 2001 aka fara saka wa wani mutum mai suna Robert Tools a wani asibiti a garin Luwisbil na jihar Kentaki. Ba kebul ba tiyo ko ɗaya da ya fito daga jikinsa, ta saman fata ake ba ta wuta kamar yadda ka faɗa. Yau ba a ƙera ta, kuma har yanzu ba wata zuciyar roba a kasuwa da ta gaje ta a wannan siffar. Dalilin da ya sa hakan shine amsar tambayarka, amma sai mun faro daga wuta tukuna tunda nan ne fagenka.

Zuciyarka ɗin nan da ba ta wuce dunƙulen hannunka ba, nauyinta giram 300 ne ko kusa da haka, tana bugawa wajen sau 100,000 a awa 24, tana tura jini kusan lita 5 duk minti ɗaya in kana zaune, in kana gudu ko buga ƙwallo ta kai lita 20. Ka lissafa a kwana ɗaya lita 7,000 kenan, wato tankin roba mai lita 1,000 guda bakwai kullum, ba hutun Juma'a ba hutun sallah. Fesmeka kuwa ba ta tura ko ɗigon jini, kamar filogin mashin take, tartsatsi kawai take bayarwa, tsokar zuciyar ce fistin ɗin da ke aikin. Shi ya sa ɗan batirinta ke kai shekara bakwai zuwa goma, wutar da take ci ko kashi ɗaya cikin dubu na wat ɗaya ba ta kai ba. Ita kuwa zuciyar roba ita ce injin gaba ɗaya, kuma gwargwadon samfuri tana cin wat 5 zuwa 20 ba tsayawa. Mu ɗauki wat 10 dan sauƙin lissafi. Sau awa 24 ya ba ka wat-awa 240. Batirin babbar waya mai 5,000mAh ɗin nan da kake canza wa mutane a shago bai wuce 19 ba a wannan ma'aunin, kaga kenan awa biyu da kyar zai riƙe ta, kuma kafin gari ya sake wayewa sai ta shanye irinsa goma sha biyu ko sha uku. Ina zaka zuba batir goma sha biyu a cikin cikin mutum?

Sannan ka fi ni sanin halin batirin litiyom, bayan an yi masa caji sau ɗari biyar ko makamancin haka ya fara sanyi, kuma zafi na ƙara kashe shi da wuri, jikin mutum ko kullum yana digiri 37. Wayar da batirinta ya kumbura ka ɓalle bayanta ka canza cikin minti goma. Wannan kuwa canza batir tiyata ce.

Turawa sun so su tsallake maganar batir ɗin ma gaba ɗaya. Daga wajen 1967 zuwa 1977 gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi a ƙera zuciyar da ke aiki da sinadarin nukiliya, fulutoniyom-238, wanda yake fitar da zafi da kansa shekaru da yawa, sai ya yi kusan shekara 88 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Zafin ne zai juya wani ɗan inji a ciki. An gwada a jikin maruƙa, daga baya aka watsar, saboda tururin da zai riƙa dukan mai ita da matarsa da ke kwana kusa da shi, da tsoron kar a kashe mutum dan a sace abin da ke ƙirjinsa, da kuma zafin kansa. Kuma zafin nan ba na nukiliya kaɗai ba ne. Ainihin aikin tura jini bai wuce wat ɗaya da wani abu ba, duk sauran wutar da injin ya ci zafi take komawa, kuma naman jiki ba ya jure ƙarin da ya wuce digiri biyu na tsawon lokaci. A cikin ƙirji ba fanka ba iska, jinin da ke wucewa ne kaɗai zai kwashe zafin, dan haka tun a zane sai an tsara mota da kayan lantarkin su jingina da hanyar jini.

Tunda batir ba zai zauna a ciki ba sai aka bar shi a waje aka huda fata. Na farko-farko ma ba lantarki ba ne ke shiga, iska ce. A watan Afrilun 1969 Dakta Denton Cooley ya saka wa Haskell Karp zuciyar roba a Hustan ta jihar Tekzas, ta riƙe shi awa 64 kafin a samu ta mutum a dasa masa. A Disambar 1982 Dakta William DeVries ya saka wa wani likitan haƙori Barney Clark wadda ake kira Jarvik-7 a jami'ar Yuta, ya yi kwana 112, tiyo biyu sun fito daga cikinsa zuwa wata kwamfuresa mai girman firij, nauyinta kusan kilo 180. Jikanyar Jarvik-7 ɗin ce SynCardia da ake sakawa har gobe, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2004 a matsayin abin riƙon ƙwarya kafin a samu zuciyar dashe, an saka wa mutum sama da dubu, kwamfuresar ta dawo kilo 6 ana goya ta a jaka, amma tiyo biyun nan suna nan, ƙarar bugunta ma na kusa da kai yana ji.

Mutane suna ganin kebul ko tiyo ƙaramin abu ne, ba ƙarami ba ne ko kaɗan. Fata ganuwa ce, duk inda ka huda ta ka bar abu a tsaye to ka buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa wadda ba ta rufuwa, ciwon ba ya warkewa sarai saboda kebul ɗin yana motsi duk sanda mutum ya juya ko ya sunkuya ko jakar batir ta fizge shi, ƙwayoyin cutar su kama jikin robar su yi wata irin yauƙin da maganin kashe su ba ya ratsawa, sannan su bi kebul ɗin a hankali kamar yadda tururuwa ke bin igiya har su isa injin. In suka isa can magani ya yi wuya sosai, dan ba a cire zuciya a wanke a mayar. Mai irin wannan kebul ba ya shiga ruwa ya nutsa, wanka sai da jaka ta musamman, wankin ciwon da canza bandeji kuwa aikin rai da rai ne gare shi da mai jinyarsa. Saboda wannan ne duk wani injiniya a fannin nan burinsa ya ga an rufe fatar.

To ga yadda AbioCor ta yi. Tiransifoma ce aka raba biyu, koyil ɗaya a ƙarƙashin fatar ƙirji, ɗayan a waje an manna shi daidai saitinsa, na wajen ya samar da maganaɗisu mai juyawa da sauri, na cikin ya mayar da shi wuta, daidai da faifan cajin waya da ka sani. A cikin ciki aka saka ƴar kwamfutar da ke sarrafa ta da ƙaramin batir wanda zai riƙe mutum wajen rabin awa, iya yayi wanka ko a canza batiran waje, su kuma na wajen da ake ɗaurawa a ƙugu suna kai awa huɗu. Amma ka tuna abin da ke faruwa in kwastoma ya ɗora waya a karkace a kan faifan, caji ya riƙa yankewa bayan wayar ya ɗau zafi. Haka nan ma, sai dai nan abin da ke tsakanin koyil biyun fatar mutum ce mai kaurin santimita ɗaya zuwa biyu, mai gumi, mai motsi, mutum ya rame tazarar ta canza, yayi ƙiba ta canza, ya juya cikin barci koyil ya goce. Kuma wutar da zaka tura ba ta awa ɗaya ba ce a cire, dare da rana ce. Duk da haka gaskiya wannan ɓangaren na AbioCor ya yi aiki, ba shi ne ya kayar da ita ba.

Ita kanta zuciyar da titaniyom da wata roba mai laushi aka yi ta, nauyinta kusan giram 900. A tsakiya akwai mota mai juya famfo, famfon ba jini yake turawa ba, wani ruwa mai kama da mai yake turawa, wani bawul ya karkata shi hagu ya matse jakar jinin hagu, ya dawo da shi dama ya matse ta dama. Akwai hikima a wannan kai-komon. Duk famfon da yake matse jaka yana buƙatar wani abu ya cike gurbin da ya bari a baya, in ba haka ba ya maƙale kamar sirinjin da ka toshe bakinsa kana ja. Wasu injinan sun bar tiyon shaƙar iska ta fata, kaga an koma gidan jiya kenan. Wani famfon taimako, wato wanda ake jona wa zuciyar mutum ba tare da an cire ta ba, mai suna LionHeart da aka fara sakawa a Jamus a 1999, shi ma ba kebul, sai aka saka masa jakar iska a ƙirji, amma iskar tana zurarewa a hankali sai an riƙa ƙara ta da allura lokaci-lokaci. AbioCor ta kauce wa wannan tunda sanda hagu ke fitarwa dama na cika.

Mutum 14 aka saka wa a gwajin, dukkansu waɗanda likitoci suka ƙiyasta da wuya su ƙara wata ɗaya ne kuma ba su cancanci dashe ba. Robert Tools ya yi kwana 151. Wanda ya fi daɗewa Tom Christerson, ya koma gidansa ya zauna da iyalinsa, ya yi kwana 512, kuma abin da ya kawo ƙarshen lamarin shine tantanin robar da ke ciki ya cinye. Anan lissafin bugu ya dawo, sau 100,000 a rana kusan miliyan 37 ne a shekara, in kana son ta shekara biyar sai ka samo robar da za a lanƙwasa sau miliyan 180 ba ta tsage ba, ga bawul huɗu suna buɗewa suna rufewa daidai wannan adadin. Tsokar zuciyar da Allah ya halitta tana gyara kanta tana cikin aiki, roba kuwa tun daga bugun farko take tafiya wajen mutuwarta. Sai girma, ba ta shiga ƙirjin mafi yawan mata da maza masu ƙaramin jiki. Sai kuma babbar matsalar, shanyewar ɓarin jiki, wadda ta samu da dama daga cikinsu. FDA ta ba ta wani taƙaitaccen izini a 2006, bayan nan ba ta yi nisa ba kamfanin ya mayar da hankali kan wasu kayan.

Maganar shanyewar jikin nan ita ce inda gizo ke saƙar, dan jini ba ruwan famfo ba ne, abu ne mai rai kuma an halicce shi ya daskare duk inda ya taɓa abin da ba bangon jijiya ba. Ya taɓa ƙarfe ko roba, cikin daƙiƙoƙi sinadaran gina jiki sun lulluɓe wurin, ƙwayoyin da ke toshe rauni sun fara taruwa. In akwai wani lungu a cikin injin da jini ke tsayawa ko yake tafiya a hankali, gudaji ya taru, wata rana ya ɓalle ya bi jijiya ya toshe ta ƙwaƙwalwa. Kace to bari a sa shi gudu sosai kar ya tsaya ko'ina, sai jajayen ƙwayoyin jini su riƙa fashewa saboda gurza, sannan akwai wani dogon sinadari da ake kira von Willebrand wanda ke taimaka wa jini ya tsaya in an ji rauni, gudun famfo yana yayyanka shi, sai ka ga mutum yana zubar da jini ta hanji ko haɓo ba dalili. A hankali ya daskare, da sauri ya lalace. Kuma dole a ba mai ita maganin tsinka jini irin wafarin har abada, in ya yi kaɗan gudaji, in ya yi yawa zubar jini a ciki ko a kai, gaba kura baya siyaki. Robert Tools duka biyun suka same shi, shanyewar jiki da zubar jini a ciki. Rabin aikin mai zana irin wannan injin a kwamfuta yake ƙarewa, yana bin kowace kwana da kowane lungu yana duba ina jini ke jinkiri ina yake shan gurza.

Akwai wani abu kuma da mutane ba su cika sani ba, zuciya famfo biyu ce a manne. Ta dama tana tura jini huhu da ɗan ƙaramin ƙarfi, awonsa wajen 25 a sama, ta hagu tana tura shi duk jiki da ƙarfin 120 ɗin nan da ake gaya maka a asibiti. Kuma abin da suke turawa ba daidai yake cif ba, na hagu ya ɗan fi yawa saboda wasu ƙananan jijiyoyi da ke ciyar da huhun kansa suna juye jininsu su dawo hagu kai tsaye. In dama ta rinjayi hagu ko da ɗan kaɗan ne a kowane bugu, jini ya taru a huhu, ruwa ya cika shi, mutum ya nutse yana kwance a gado. In kuma famfo ya ja fiye da abin da ke zuwa masa sai ya tsotse bangon jijiya ya manne. Zuciyar asali tana daidaita wannan da kanta, gwargwadon yadda ta cika gwargwadon yadda take matsawa, ga jijiyoyin saƙo da ke gaya mata ka miƙe tsaye, ka hau bene, ka tsorata. Injin ba shi da ko ɗaya, sai an koya masa. AbioCor wani ɗan ɗakin daidaitawa aka yi mata. Ta Faransa mai suna Aeson, wadda Farfesa Alain Carpentier ya ƙirƙiro kamfanin Carmat ya ƙera, aka fara sakawa a Faris a Disambar 2013, na'urorin auna matsi aka zuba mata da kwamfuta, sannan aka shimfiɗe inda jini ke taɓawa da tantanin zuciyar saniya da aka sarrafa dan rage gudaji. Dabara ce mai kyau ƙwarai kuma Turai ta ba ta izini a ƙarshen 2020, amma ita ma giram 900 ce, kayan cikinta da yawa, kuma kebul ɗinta yana fita ta fata.

Ni a nawa ganin babban sauyin ya zo ne sanda aka daina kwaikwayon bugun zuciya. Da kowa yana ganin dole sai ta buga. Sai famfunan taimako, waɗanda ake barin zuciyar mutum a wurinta a jona mata famfo a ɓangaren hagu, suka koma masu farfela kamar sumo na rijiyar burtsatse, juyi kawai ba matsa ba saki, sai gashi sun fi ƙanƙanta sun fi daɗewa nesa ba kusa ba. A Maris na 2011 Dakta Bud Frazier da Dakta Billy Cohn a Hustan suka cire zuciyar wani mutum Craig Lewis suka haɗa masa irin waɗannan famfunan guda biyu, ya farka yana magana da iyalinsa, in ka sa kunne a ƙirjinsa gunji kawai zaka ji, ya yi kusan sati biyar kafin cutar da ta cinye sauran gaɓoɓinsa tayi ajalinsa. Saura matsalar boris, dan duk farfela sai ta hau kan wani abu, kuma a cikin jini ba giris ba baƙin mai, inda ƙarfe ke gogar ƙarfe nan zafi yake nan gudaji ke taruwa. Maganinsa sai aka rataye farfelar a tsakiyar jinin da maganaɗisu ba ta taɓa komai, na'ura tana auna inda take tana gyara mata zama sau dubbai a daƙiƙa. Famfon taimako mai suna HeartMate 3 haka take, a 2017 FDA ta amince da ita a Amurka, kuma tana rage gudu ta ƙara duk daƙiƙa biyu dan ta wanke cikinta.

Wanda ya kai wannan tunanin ga cikakkiyar zuciya wani injiniya ne ɗan Ostireliya, Daniel Timms. Mahaifinsa mai aikin famfo ne, ciwon zuciya ya kama shi a 2001, su biyun suka riƙa haɗa bututu da bawul a gida suna kwaikwayon zagayen jini, uban ya rasu a 2006 ɗan bai daina ba. Na kawo maka wannan ne dan shi ma daga inda kake tsaye ya faro. Abin da ya ƙera sunansa BiVACOR, titaniyom ne, giram 650 ko kusa, kuma abu ɗaya tak ne ke motsi a ciki, faifai guda mai farfela fuska biyu, babba na tura wa jiki ƙarama na tura wa huhu, ba bawul ba tantani ba boris, ba abin da zai lanƙwasu ya tsage. Daidaita hagu da dama ma faifan ne ke yi, in matsi ya fi yawa a gefe guda sai ya ɗan gusa, ƙarfin gefen ya canza. Tana iya tura lita 12 a minti, kuma ana iya sa gudunta ya riƙa hawa da sauka ya ba da bugu. An fara saka wa mutum ranar 9 ga Yulin 2024 a Hustan, ya yi kwana 8 aka samu ta dashe. A Nuwambar 2024 aka saka wa wani a asibitin St Vincent's na birnin Sidni, aka sallame shi a Fabrairun 2025 ya fita da ita, ya yi kwana 105 kafin a dasa masa ta mutum a Maris.

Amma ka lura, har ita tana da kebul ta ciki zuwa jakar batir. Kaga tsugune ba ta ƙare ba. AbioCor ta rufe fata amma roba da jini suka kayar da ita, BiVACOR ta kama hanyar warware roba kuma ana sa ran jinin ma, amma fatar a buɗe take. Masu ita ba mantawa suka yi ba, da gangan ne, dan ba mai hankalin da zai gwada sabon famfo da sabon tsarin caji lokaci guda a jikin mutum, in wani abu ya faru ba zaka san wanne ne ba. Kuma kebul duk da sharrinsa ba ya gocewa cikin barci. Famfon taimako in wuta ta yanke zuciyar mutum tana nan ko da rauni, ƙila ta riƙe shi kafin a kawo ɗauki, amma wanda aka cire wa tasa in injin ya tsaya daƙiƙa goma sha biyar ya suma, minti kaɗan ƙwaƙwalwa ta tafi. Ba a kashewa a kunna kamar waya in ta maƙale. Dan haka komai sai an yi shi biyu, kuma kowane ƙari yana cin wuri yana cin wuta yana ƙara zafi.

Ana kan aikin cajin dai. A Disambar 2018 a Astana ta Kazakistan an haɗa wani famfon taimako na Jarvik 2000 da tsarin wani kamfanin Isra'ila, Leviticus Cardio, inda koyil na ciki ya zagaye huhu na waje kuma kamar ɗamara ake sa shi a ƙirji, dan kar ɗan gocewa ya yanke wuta kuma zafin ya bazu maimakon ya taru a tabo ɗaya. Nan nake ganin mai sana'a irin taka zai fi gane inda aka dosa, famfon da ya rage cin wuta, batirin ciki da zai kai awoyi maimakon rabin awa, da koyil ɗin da ba ya damuwa da saiti. Abin da ke jan ƙafa ba ilimi kaɗai ba ne, har da kuɗi. Mafi yawan masu raunin zuciya ɓangaren hagu ne ke gazawa, famfon taimako ya ishe su, waɗanda sai an cire duka kaɗan ne, gwajin kuwa shekaru yake ci, daga tanki zuwa maruƙa zuwa mutum biyar zuwa ashirin, kamfani yana kashewa ba ya sayarwa. Wannan abin yana damuna gaskiya, dan masu jiran zuciyar dashe a duniya sun ninka zukatan da ake samu, kuma da yawa a kan layin suke rasuwa.

Game da Baba kuwa, kar hankalinka ya tafi can. Ko a ƙasashen da ake yin waɗannan, na ƙarshen-ƙarshe ne ake kaiwa ga injin, kuma sai gida mai wutar da ba ta yankewa da asibitin da ya san na'urar a kusa, ka san kuwa yadda wuta take a wajenmu. Raunin zuciya mataki-mataki ne, kuma magungunan yanzu suna ƙara wa mutane shekaru masu yawa, wasu ma ƙarfin zuciyar yana dawowa in an gano sanadin, hawan jini ne ko bawul ne ya lalace ko jijiya ce ta toshe. Ku nemi likitan zuciya ba na gama-gari kaɗai ba, ku tabbata an yi masa hoton zuciya na eko, ka tambayi kashi nawa cikin ɗari take fitarwa a kowane bugu ka rubuta ka ajiye dan a gwada da na gaba. A rage masa gishiri da magi da kanwa, a riƙa auna nauyinsa da safe, in ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana biyu ko uku ko ƙafa ta kumbura ko ya kasa kwanciya sai a zaune, ruwa ne ke taruwa, ku koma asibiti kar ku jira ranar da aka ba ku. Kar ya ajiye magani dan ya ji sauƙi, kuma kar a ba shi maganin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen ba da sanin likitansa ba, suna riƙe ruwa a jiki. Allah ya tashi kafaɗunsa.